Yadda ake koyar da ƙananan yara Turanci a sansanin hutun bazara a Italiya

A Italiya makarantu na rufewa a watan Yuni, ba sa buɗewa sai wajen tsakiyar Satumba. Kusan wata uku ke nan yara suna gida, iyaye kuwa suna wurin aiki. Shi ya sa ake shirya sansanin Turanci a garuruwa manya da ƙanana, na mako ɗaya ko biyu, Litinin zuwa Juma'a, galibi a harabar makarantar firamaren garin. Malaman yawanci matasa ne daga ƙetare, sau da yawa kowa na sauka a gidan iyayen ɗaya daga cikin yaran. Wanda ya shiga aikin nan da niyyar tsayawa gaban allo ya yi ta zuba bayani zai sha wuya, yaran ma su sha. Ɗan shekara 6 da jikinsa yake koyon harshe, da tsalle da nuni da waƙa, kuma a kan wannan za ka gina duk shirinka.

Mataki na farko, ka gyara takardunka. Bizar ziyara ta Shengen tana ba ka kwana 90 a cikin 180, amma ba ta ba ka izinin aiki ba. Ka tambayi masu sansanin a rubuce da wace takarda za ka yi aikin. Idan suka yi ta kwana-kwana, ka bar su. Ɗalibin da yake karatu a Italiya da izinin zama na karatu yana da damar aikin awa 20 a mako, awa 1,040 a shekara, don haka ka lissafa awanninka da kyau. Tun 2014 dokar ƙasar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya binciki tarihin laifin duk wanda zai yi hulɗa da yara, saboda haka ka nemi takardar shaidar 'yan sanda da wuri. Takardar koyarwa irin su CELTA ta Cambridge tana ƙara maka daraja, ko da yake sansanoni da dama su suke horar da malamansu na 'yan kwanaki kafin a fara.

Na biyu, ka san yaran da za a ba ka. A Italiya ana fara Turanci tun aji ɗaya na firamare: awa ɗaya a mako a aji ɗaya, biyu a aji biyu, uku daga aji uku zuwa biyar. Ke nan ɗan shekara 7 zai zo maka da launuka da ƙidaya da sunayen wasu dabbobi, amma haɗa jimla sai a hankali. Kafin Litinin ka karɓi jerin sunaye da shekaru, ka kuma tambayi wane yaro ne jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko alkama, wa ke da asma, wa ke shan magani. Ka ajiye lambar shugaban sansani a wayarka tare da 112, lambar gaggawa ta ƙasashen Turai.

Na uku shi ne zuciyar aikin: ka nuna, ka rage magana. A shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan'adam a jami'ar San José ta Amurka, James Asher, ya fito da hanyar koyar da harshe ta motsa jiki. Abin da ya lura da shi kowace uwa ta sani: yaro yana jin “zo nan” ya zo, tun kafin bakinsa ya iya furta kalmar. Ga yadda za ka yi. Ka tsayar da yara a da'ira, kai ma kana ciki. Ka ce “jump”, ka yi tsalle, su bi ka. Ka ce “sit down”, ka zauna. Ka maimaita sau uku ko huɗu kana yi tare da su. Sai ka faɗi kalmar ka tsaya cak, hannunka a baya. Za ka ga an yi shiru na ɗan lokaci, idanu sun zubo maka, sai wata yarinya ta yi tsalle ita kaɗai tana waige, sauran su biyo ta da ihu. Sun gane ke nan, ba tare da ka fassara ko kalma ɗaya ba. Daga nan ka sauya jerin, ka ƙara sauri, ka haɗa biyu a umarni ɗaya. Can gaba ka kira yaro ɗaya ya zama malam, shi ya ba da umarni kai ka bi. Babu abin da ke buɗe bakin yaro kamar ya ga babba yana tsalle da umarninsa.

Kalma shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya. Gara su riƙe shida su yi ta juya su cikin wasa da zane da waƙa, da ka jibga musu ashirin su watsar kafin azahar. Kuma kada wasa ɗaya ya wuce minti 10 ga ƙananan. Ka bar shi tun suna so, gobe su roƙe ka.

Na huɗu, ka kafa tsarin yini wanda ba ya canzawa. Waƙar gaisuwa ɗaya kowace safiya, tambaya ɗaya kan yanayin gari, alama ɗaya ta yin shiru, misali tafi uku da za su amsa da tafi uku. Yaron da ba ya jin harshenka tsarin yake bi, shi ke kwantar masa da hankali. Sababbin kalmomi da wasannin guje-guje ka sa su da safe, domin a watan Yuli zafi kan haura digiri 30 a yawancin ƙasar. Bayan cin abincin rana a koma inuwa, a yi zane da yanke-yanken takarda da labari. Littafin Eric Carle na 1969, The Very Hungry Caterpillar, yana ɗauke da ranakun mako da ƙidaya da sunayen 'ya'yan itatuwa, zai iya riƙe maka mako guda. Lokacin ciye-ciye ma darasi ne: kowa ya nemi ruwa da Turanci, kowa ya yi godiya da Turanci.

Na biyar, gyaran kuskure. Yaran Italiya sukan ƙara wasali a ƙarshen kalma, sukan kuma haɗiye harafin h na farkon kalma, domin a harshensu ba a furta shi. Kada ka ce wa yaro bai yi daidai ba a gaban 'yan'uwansa. Ka maimaita abin da ya faɗa yadda ya kamata, da fara'a, ka wuce. Don h, ka sa kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban baki, ya furta har ta motsa. Mu ma Hausawa muna da namu wajen bambanta p da f, don haka ka naɗi muryarka a waya ka saurara kafin ka tsaya gabansu, yara duk abin da suka ji shi suke kwaikwayo.

Akwai yaron da zai yi kwana biyu ko uku bai ce uffan ba. Kada ka matsa masa. Masana koyon harshe sun daɗe da sanin wannan shirun, yaron yana tarawa ne a ciki. Ka ba shi aikin da ba ya buƙatar baki, ya raba fensir, ya riƙe hoto, ya nuna amsa da yatsa. Mai kukan uwa da safiyar Litinin kuwa, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka kira wata mataimakiya a sansanin da ke jin Italiyanci ta lallashe shi. Wannan ba lokacin Turanci ba ne.

Amanar 'ya'yan mutane ta fi kowane darasi nauyi. Ka ƙirga su duk lokacin da za ku fita fili da lokacin da kuka dawo. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki rufe. Kada ka ɗauki hotonsu ka sa a Facebook ko WhatsApp. Duka ko tsawar tsoratarwa babu su ko kusa, wanda ya gagare ka ka kai shi wurin shugaba. Game da gidan da ka sauka, idan ba ka cin naman alade ka faɗa tun kafin ka iso, domin yana cikin abinci da yawa a can, ka kuma sanar da shugaba lokutan sallarka don a san wanda zai tsaya da yara.

Yawancin sansanoni suna rufewa da ɗan wasan kwaikwayo a gaban iyaye ranar Juma'a. Ka fara shirinsa tun Talata, minti 15 kullum, da kalmomin da suka riga suka koya. Kowane yaro ya samu jimlarsa, ko ta kalma uku ce. Mai kunya ka haɗa shi da aboki su faɗa tare. Ranar Alhamis ku gwada a ainihin wurin da za a yi, ka manna salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya, kai kuma ka zauna a gaba daf da su, inda duk wanda ya manta zai ga bakinka.