Ina Malam-Buɗe-Littafi Ke Fitowa da Damina?

Wannan tambaya ta zo mana daga wani ɗalibi a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano. Yana cewa, da ruwa ya zauna sai malam-buɗe-littafi ya cika gefen Dutsen Dala da bakin ganuwa, to daga ina yake fitowa?

Malam, mun gode da tambaya. Daga ƙwai yake fitowa. Uwar tana saka ƙwai a jikin ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi ta cin ganye har ta ƙoshi. Sannan ta lulluɓe kanta cikin wani kwanso, bayan 'yan kwanaki ta fito da fukafukai. Ka ga ke nan ganye ne abincin tsutsa, ganye kuma damina ce ke kawo shi, musamman a Yuli da Agusta.

Ka lura da wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, mai baƙi da ɗigon fari a gefen fiffike. A kan tumfafiya yake saka ƙwai. Tsutsarsa tana cin ganyen tumfafiya, gubar ganyen ta zauna a jikinta, shi ya sa ko bayan ya yi fukafukai tsuntsaye ke ƙyale shi.

Ban da malam-buɗe-littafi, da damina a bakin kududdufi kuma za ka ga mazari yana shawagi. Don Allah a hana yara kashe shi, domin sauro yake ci. Gizo-gizon da ke saƙa a lungun soro ma sauro da ƙuda yake kamawa.