Hwang Jang-lee: Nasiha ga ɗana mai ƙorafin fitowa a bos

Ɗana, duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Chainis a ƙasar nan ya san Jackie Chan. Yaro ya san shi, tsoho ya san shi, har wanda bai taɓa taka ƙofar silima ba ya ji sunan. Amma ka tara masu kallo ka tambaye su wane ne mutumin nan mai gashin baki da ya gasa wa Jackie aya a hannu a Drunken Master, sai su ce maka ai bos ne. Iyakar saninsu ke nan. Jama'ar da ke cika silimun Kano irin su Plaza da Orion a zamaninmu ma haka suke kiran duk mugun fim, kuma duk mai irin wannan fuskar a wurinsu ɗan China ne. To wannan ɗan Koriya ne, sunansa Hwang Jang-lee.

Na ɗauko maka labarinsa ne saboda ƙorafin da na ji kana yi. An ce duk sanda aka kira ka aikin fim, ko dai a ba ka bos ko yaron bos, a ƙarshe a yi maka dukan kawo wuƙa, alhali wanda aka sa ya kayar da kai ko ɗaga ƙafa zuwa ƙugu bai iya ba. An ce har kana shawarar jingine atisayen tekwando, tunda ba a ganin ƙimarsa. Ƙorafinka yana da tushe, ba zan ce maka ba shi da shi ba. Amma zauna ka ji.

An haifi Hwang a Japan a ƙarshen 1944, lokacin Koriya na ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. Iyayensa 'yan Koriya ne, kuma yana ƙarami suka koma gida. Tun yana saurayi ya shiga tekwando, ya ƙware har da aka ɗauke shi soja sai aka sa shi koyarwa, aka kuma tura shi Biyetnam a lokacin yaƙi yana horar da sojoji. Ka riƙe wannan da kyau: kafin kyamara ta taɓa ganin fuskarsa, mutumin nan malami ne a sana'arsa. Fim daga baya ya zo ya same shi.

Abin da ya buɗe masa ƙofa rasuwar Bruce Lee ce a watan Yulin 1973. Masu shirya finafinai a Hong Kong suka shiga neman wanda zai cike gurbin, kowa na ta fito da mai kwaikwayon Bruce, ana ta asarar kuɗi. Wani furodusa mai suna Ng See-yuen, wanda ya kafa ƙaramin kamfani Seasonal, ba shi da ƙarfin ɗaukar manyan taurari. Sai ya bi wata hanya, ya nemi mutanen da suka iya faɗan da gaske ko da ba a san su ba. Kunfun kudancin China ya fi ba hannu ƙarfi, shi kuwa tekwando aikin ƙafa ne, kuma a allon silima ba abin da ke ɗaukar ido kamar ƙafar da ta tashi sama da kai. Don haka ya waiwayi Koriya, inda Hwang ya riga ya fara fitowa a ƙananan finafinan gida. A 1976 aka yi The Secret Rivals. Jarumai biyu aka sa, John Liu gwanin shuri da Wong Tao gwanin naushi, amma labarin ya nuna babu ɗayansu da zai iya da mugun shi kaɗai, sai sun haɗa ƙarfi. Mugun shi ne Hwang, da farin gashi har kafaɗa, ana kiransa Silver Fox. Masu kallo suka yarda cewa lallai sai mutum biyu, domin sun ga ƙafar da idonsu.

Shekarar 1978 ita ce wadda nake so mu daɗe a kanta. A lokacin Jackie Chan ba kowa ba ne. Yana ƙarƙashin darakta Lo Wei, wanda ya dage sai ya mayar da shi sabon Bruce Lee, finafinan kuma suna ta faɗuwa a kasuwa. Aka ba da aronsa ga Seasonal ya yi fim biyu. Daraktan da aka ba aikin, Yuen Woo-ping, shi ma karon farkonsa ke nan a kujerar. Suka yi Snake in the Eagle's Shadow, suka biyo da Drunken Master a shekarar, wanda ya tara fiye da dalar Hong Kong miliyan 6, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Daga nan tauraron Jackie ya haska. A duka biyun Hwang ne abokin gaba.

Akwai wata fitowa a tsakiyar Drunken Master da nake so ka sake kallo da idon mai sana'a. Jackie ya fito a Wong Fei-hung, yaro mai rawar kai, ya gudo daga wurin tsohon malaminsa saboda wuyar horo. Ya tsaya a wani kango yana shanya kayansa, sai ga Hwang, wanda ya fito a makashin haya mai suna Thunderleg. Yaron ya yi masa rashin kunya, shi kuma ya nuna masa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Bai yi gaggawa ba, bai yi wani kurari mai yawa ba. Ƙafar ce kawai ke fita ta dawo, kafin yaron ya ankara ta sake fita. Da ya gama da shi ya sa shi rarrafe ta tsakanin ƙafafunsa, ya jefa tufarsa a wuta, ya kore shi. Yaron ya fita da gudu yana kuka. Wannan wulaƙancin shi ya mayar da shi wurin malaminsa, shi ya sa ya jure horon da a da ya guje wa. Cire wannan fitowar, fim ɗin ya rasa ƙashin baya.

Ka ga, Jackie ɗan barkwanci ne. Yana tangaɗi, yana yatsine fuska, yana faɗa da kwanon abinci da benci. Irin wannan wasa in babu haɗari na gaske a gabansa, shirme yake komawa. Dole a sami wanda in ya shigo dariya za ta ɗauke a silima, kuma Hwang ne ya ɗauki wannan nauyin. A fagen dambe ba a yi wa mutum kiɗa don ya kayar da ƙaramin yaro, sai ya kai ƙasa da wanda gari ke tsoro. Girman nasarar jarumi a ƙarshen fim daidai yake da girman tsoron da bos ya dasa tun farko. Saboda haka darakta mai hankali yakan iya lallaɓawa da jarumi mai rauni in yana da farin jini, amma ba ya wasa da zaɓen bos. In ana yawan kiran ka wannan gurbin, ka sani ba don an raina ka ba ne kaɗai. Wani abin ma don ba su da wanda zai iya ne sai kai.

Kuma faɗuwar ma aiki ce. A wancan zamani babu kwamfutar da za ta gyara wa mutum ƙafa. Ana kafa kyamara daga nesa yadda za a ga jiki duka, a jera motsi masu yawa a ɗauka ɗaya ba yankewa, in ɗaya ya kuskure a koma farko. An san Hwang da tsalle ɗaya ya saki shuri uku kafin ya sauka. Mutumin da ya iya wannan shi ne kuma a ƙarshe zai buɗe ƙirji daidai lokacin da ake so, ya karɓi bugu, ya faɗi yadda mai kallo zai yarda an fi ƙarfinsa. Wanda bai ƙware ba ba zai iya ba, sai a ga kamar da gangan ya kwanta. Kai ma shaida ne, ka sha ganin irin wannan faɗuwar ta ban kunya.

Sai dai akwai abin da ban so ka koya daga gare shi. A wurin ɗaukar Snake in the Eagle's Shadow ƙafarsa ta sami bakin Jackie har haƙori ya fita. Masu son fim suna ba da labarin nan da alfahari, wai alamar ƙarfi ce. Ni ban gan shi haka ba. Tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba abin tutiya ba ne. Abokin aikinka amana ya ba ka da ya tsaya a gaban ƙafarka. In an ɓata maka rai a wurin aiki, kada ka huce a jikin wanda kuke fitowa tare, ko da shi ne ya ɓata maka. Ƙwarewa ta gaske ita ce ka tsayar da ƙafa dab da fuska, mai kallo ya rantse ta taɓa.

Yanzu ga ɓangaren da ya yi daidai da ƙorafinka. Bayan 1978 hanyoyi sun rabu. Jackie ya koma babban kamfanin Golden Harvest, daga baya ya shiga Amurka, har aka ba shi Oscar ta girmamawa a 2016. Yuen Woo-ping ya je ya tsara faɗan The Matrix a 1999. Hwang kuwa ya ci gaba da zama mugu, fim bayan fim: Dance of the Drunk Mantis a 1979, Game of Death II a 1981, Ninja in the Dragon's Den a 1982, har zuwa karawarsa da Cynthia Rothrock a No Retreat, No Surrender 2 a 1987. A fasta ana rubuta sunansa da lafazin China, yau haka gobe haka. Muryar da ake ji ma ba tasa ba ce, domin finafinan Hong Kong na lokacin daga baya ake ɗora musu magana. Ba shi kaɗai ba ne a cikin 'yan ƙasarsa. Hwang In-shik, malamin hapkido, shi ne ya kara da Jackie a doguwar fafatawar ƙarshe ta The Young Master a 1980. Kim Tai-chung kuwa shi aka sa ya tsaya a madadin Bruce Lee don a ƙarasa Game of Death bayan rasuwarsa, ana ta ɓoye masa fuska da tabarau da inuwa, domin aikin nasa gaba ɗaya shi ne kada a gane shi. Ba zan ce maka an yi musu adalci ba. Ba a yi ba. Kasuwar fim fuska take saya, gumi kuma sai wanda Allah ya ciyar.

Abin da ya burge ni shi ne Hwang bai zauna jiran a tausaya masa ba. A 1981 ya hau kujerar darakta da kansa ya yi Hitman in the Hand of Buddha, ya fito a jarumi. Fim ɗin bai mayar da shi tauraro irin Jackie ba, amma yana nan, kuma masu son harkar suna nemansa har yau don a nan ne suke ganin ƙafar ba tare da an tilasta mata faɗuwa ba. Ya kuma yi bidiyon koyar da shuri, The Art of High Impact Kicking. In kana ganin kana da labarin da za ka fito a jarumi, ka rubuta shi, ka tara abokanka, ku fara da ɗan abin da ke hannunku. Wayar da ke aljihunka ta fi sauƙin sarrafawa a kan kyamarorin da su suka yi fama da su.

Wani abu kuma, tunda maganar kasuwa ta shigo. Akwai fim mai suna Ninja Terminator na 1985 da za ka ga Hwang a ciki. Asalinsa fim ne na Koriya, wani kamfanin Hong Kong ya saya, darakta Godfrey Ho ya yayyanka shi, ya cusa sababbin fitowa na Turawa sanye da kayan ninja, aka canza labarin aka sayar a matsayin sabon fim. Haka ake yi da aikin mutum in ya bar hannunsa. Don Allah, ɗana, kada jin kunya ya hana ka tambayar nawa za a biya ka, yaushe, kuma ina da ina za a nuna aikin. A rubuta, ka karanta, in ba ka gane ba ka kai wa wanda ya gane kafin ka sa hannu. Mu mutanen nan muna da nauyin baki a kan kuɗi, sai an cuce mu mu dawo muna Allah ya isa.

A farkon shekarun 1990 Hwang ya ja baya daga fim, ya koma Koriya ta Kudu ya kama kasuwanci, sai jefi-jefi ake ganinsa a allo. Bai bar tekwando ba, ya kai mataki na 9 a baƙar ɗamara, yana ci gaba da koyarwa. Da ya tsufa ne masu son tsofaffin finafinai suka riƙa nemo shi daga Turai da Amurka, ana gayyatarsa taruka, har aka shirya fim na tarihin rayuwarsa mai suna The Anonymous King. Ya iya juya wa kyamara baya ba tare da ya tagayyara ba saboda yana da abin da ya riƙe tun kafin ta zo. Wannan ne ya sa maganar jingine atisaye ta fi damuna a kan duk sauran ƙorafinka. Fim zai iya daina kiran ka gobe, ba tare da ka yi laifin komai ba. Tekwandon nan kuwa shi ne ya kai Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ga lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma ci zinaren duniya a 2017 a Muju, can ƙasar su Hwang. Ko ba ka kai nan ba, yaran unguwa goma da za ka koya wa sun isa su riƙe ka, su kuma su sami abin da zai raba su da zaman banza.

Ka koma wurin malaminka, ka ba shi haƙuri a kan kwanakin da ka yi fashi. In an sake kiran ka bos ka karɓa, ka yi shi yadda jarumin zai sha wuya kafin ya burge, ka kuma tsaya a kan haƙƙinka cikin ladabi. Kada ka ce lokaci ya ƙure maka. Hwang yana da shekara 31 aka yi The Secret Rivals, yana da 33 ya tsaya a gaban Jackie Chan. Kai ko 25 ba ka cika ba. Allah ya yi maka albarka, ka gaida mahaifiyarka.