Yaron da Girmansa Ya Yi Jinkiri: Yadda Za Ku Koya Masa Yi wa Kansa

A gidaje da yawa na ɓangarorin nan biyu na iyaka akwai yaron da sa'o'insa suka zauna shi bai zauna ba, suka taka shi yana kwance. Wasu kan ce ɗan ruwa ne, wasu su ce sammu aka yi wa uwarsa, sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Abin da muke gani a asibiti daban ne. Sau da yawa ƙwaƙwalwar yaron ce ta sami rauni, ta dalilin doguwar naƙuda, ko haihuwar bakwaini, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Tamowa ma tana jawo jinkiri. Ba laifin uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa yara kan zauna da kansu tsakanin wata 4 da wata 9, su yi tafiya tsakanin wata 8 da wata 18. Idan ɗanku ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko kun ga jikinsa ya sandare ko ya saki, ku kai shi a duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babu allurar da ke mayar da abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana iya koyon sabuwar hanya idan ana maimaita mata aiki. Shi ya sa a manyan asibitoci ake da ma'aikatan da sana'arsu ita ce koya wa irin waɗannan yara zama da cin abinci da sa tufa da wasa. Ma'aikacin yakan ga yaro na ɗan lokaci ne kawai. Ku ne kuke tare da shi kullum, kuma kayan aikin suna nan a gida da rumfar kasuwa.

Ku fara da wuya da zama. Ku naɗe zane kamar matashi, ku kifa yaron a kai hannuwansa a gaba, ku riƙa kaɗa masa abu mai ƙara don ya ɗaga kai. A yi wannan yana farke, kuna kusa. Wanda bai iya zama ba, ku zaunar da shi a cikin baho ko a kusurwar kwali mai ƙwari, ku tokare shi da tsummoki ta gefe. A rumfa, ku ajiye shi inda zai ga masu ciniki ya ji magana, maimakon ya wuni kwance a bayan buhuna. Idan ƙafafunsa suna harɗewa, goyo yana da amfani, domin yana buɗe cinyoyi ya lanƙwasa gwiwoyi.

Sai hannu. Ku zuba tsakuwa kaɗan a gorar roba ku rufe ta tam, ta zama abin kaɗawa. Ku ba shi ƙullu ya murza, ko albasa da lemo ya ɗauka daga wannan kwano zuwa wancan. Idan hannu ɗaya ya fi rauni, ku riƙa miƙa masa abu ta wannan ɓangaren. Kada ku bar masa wake ko gyaɗa ko kwabbai, domin yana iya haɗiye su su shaƙe shi.

Cin abinci shi ne wurin da ya fi haɗari. Kada a ciyar da yaro yana kwance, kada kuma a yi masa ɗura. Ku zaunar da shi, kansa ya ɗan sunkuyo, ku ba shi kaɗan-kaɗan, ku jira ya haɗiye. Kunu mai kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yara da yawa. Idan cokali yana suɓuce masa, ku naɗe mariƙin da ƙyalle ya yi kauri. Yaron da ke yawan ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci yana buƙatar a duba shi, domin abinci na iya gangarawa huhu ya jawo ciwo.

Wajen sa riga, ku fara da hannun da ya fi rauni, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Ku yi masa yawancin aikin, ku bar masa ƙarshen, kamar jawo rigar ƙasa. Idan ya iya wannan, ku ƙara masa na gabansa. Tausayi kan sa uwa ta yi wa yaro komai, ga kuma gaggawar fita kasuwa, amma abin da aka yi masa kullum ba zai koya ba. Minti 10 sau uku a rana ya fi awa guda a mako. Ku yaba masa ko yaya ya yi, ku dakata idan ya gaji. Kai uba, da yayye, da kaka, kowa ya ɗauki nasa rabo, kada nauyin ya tsaya a kan uwa ita kaɗai.

Idan yaron yana farfaɗiya, akwai maganin da ke rage ta. Lokacin da ta tashi, ku kwantar da shi a gefe guda nesa da wuta, kada ku sa masa komai a baki.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, ku nemi a tura ku sashen gashi. A Kano akwai irin wannan sashe a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Duk lokacin da za ku tsallaka iyaka, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙonni, ku tafi da katin rigakafinsa da takardun maganinsa, don ma'aikacin can ya ɗora daga inda na nan ya tsaya.

Ba kowane yaro ne zai yi tafiya ba, amma kowane yaro yana iya ƙaruwa da wani abu. Ku zaɓi aiki ɗaya yau, ku riƙe shi har wata guda, sannan ku zo ku gaya mana abin da kuka gani. Allah Ya raya mana su, Ya ba ku ladan haƙuri.