Ɗaukar Hoton Dodon Koɗi

Duk yaron da ya tashi a birnin Katsina ya san katantanwa, gama da ita ake wasa. Amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dubi mai gidan da kyau. To, ga yadda za ku yi.

Ku fita da sassafe cikin damina, bayan an kwana ana ruwa, ku duba ƙarƙashin ganye a lambu. Da rani ba ku ganinsa, don yakan shige cikin koɗinsa ya toshe ƙofa da majina, ya dakata sai ruwa ya sauka. In kun same shi, ku aza akwatin hoto bisa tubali don kada hannu ya yi rawa, ku kuma tsaya a inuwa, gama hasken rana yakan ƙyalla a jikinsa ya ɓata hoton. Ku yi haƙuri har ya miƙe ƙahoninsa. Huɗu ne, idanunsa kuwa suna bisa kan dogayen biyun. Su za ku saita. In an matsa kusa haka, abin da ke fitowa sarai bai fi kaurin tsinke ba, saura duk dishi-dishi. Ku ajiye tsinken ashana kusa da shi, don mai duba ya san girmansa.

Na lambu ba shi da laifi sai cin latas. Ɗan'uwansa na kududdufi shi ne abin tsoro. A 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya ga tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira, a 1915 kuma Leiper, mutumin Birtaniya, ya nuna a Masar cewa cikin dodon koɗin ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, kamar yadda waɗansu ke cewa. Ciwo gare shi, a kai shi asibiti.

Saboda haka kada ku sa hannu cikin ruwan. Ku kamfato da ludayi, ku zuba a farin tasa. Ku riƙe koɗin da tsinke biyu, tsininsa sama, bakinsa na fuskantarku. Yawancin katantanwa bakinsu dama yake. Wanda ke kawo fitsarin jini, masana na kiransa Bulinus, ƙarami ne, bakinsa hagu. Ba kowane bahago ne mai laifi ba, amma shi za ku kai wa malamin tsabta.

A nan hoto yakan yi ƙarya. In an juya gilashin hoto wajen wanki, ko an ɗauka da idon waya na gaba, dama takan koma hagu. Don haka ku rubuta sunan kududdufin da kwanan wata a 'yar takarda, ku sa ta cikin hoton. In rubutun ya karantu daidai, bakin koɗin ma daidai yake.