Darasi Daga Majigi: Dukiya Ba Ta Bin Mutum Kabari

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, ina so mu yi nazarin wani tsohon fim na Amurka mai suna You Can't Take It with You, watau dukiya ba ta bin mutum kabari. Frank Capra ya shirya shi a 1938, zamanin da tattalin arzikin duniya ya karye.

Ga yadda labarin yake. Wani tsoho, Vanderhof, yana zaune da iyalinsa, kowa yana sana'ar da ransa ke so, kuɗi kuwa ba su dame su ba. Sai wani attajiri, Kirby, ya so sayen unguwar duka domin kasuwancinsa, tsoho ya ce gidansa ba na sayarwa ba ne. Ana cikin haka ɗan attajirin ya ce jikar tsohon zai aura. Ran da iyalan biyu suka haɗu, rikici ya tashi, 'yan sanda suka kwashe su duka. A kotu lauyoyi suka kewaye attajiri, amma maƙwabta ne suka yi karo-karo suka biya wa tsoho tara. Nan Kirby ya gane ba shi da aboki ko ɗaya.

Kada ku zaci wannan matsi Amurka kaɗai ya shafa. Da farashin kuza ya faɗi, a 1931 Nijeriya ta shiga yarjejeniya da Malaya da Bolibiya da ƙasar da yau ake kira Indunusiya, aka rage haƙa. Leburori masu yawa a Jos da Bukuru suka rasa aiki. Kakana yana cikinsu. Ya sha faɗa mini cewa tuwon maƙwabta ne ya riƙe gidansa har aiki ya dawo.

Amma akwai abin lura. Tsohon fim yana da gidan kansa da abin rufin asiri, shi ya sa yake iya raina kuɗi. Kakana bai raina su ba, don yunwa ba ta san wasa ba. Saboda haka in kun je aji, kada ku koya wa yara wai kuɗi banza ne. Ku koya musu nema da tattali, sa'an nan ku nuna musu zumunci a ƙafa yake.

Tambaya ga aji: in albashinka ya yanke wata uku, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa, me ka taɓa yi masa?