Kun Ga Hayaƙin Taya, Ba Ku Ga Allin Awo Ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani matashi ya shigo garejina da tsohuwar BMW. Ya ce a walde masa aksul ɗin baya, a kuma ƙara wa hambirek ƙarfi. Na tambaye shi dalili, ya ce abokinsa ne zai angwance, su ne za su yi wasan mota wajen kai amarya. Ya zaro waya ya nuna mini bidiyon wani babban filin wasa, motoci na juyi cikin hayaƙi, jama'a na sowa. Na ce masa, "Ɗana, mayar da wayarka aljihu. Irin motocin nan da kake kallo, shekara shida na yi ina kwanciya a ƙarƙashinsu." Ban yi masa aikin ba. Na dai sa aka kawo mana shayi, na ba shi labarin da zan ba ku yanzu.

Ni bakanike ne. Neman abinci ya kai ni Dubai, inda na yi aiki da wata tawaga mai yawo gari-gari tana nuna wasan mota. Ɓangarena taya da birki da ƙafar mota. Irin wannan wasa babbar sana'a ce a duniya. Masu shirin talabijin ɗin nan na Ingila, Top Gear, sun zagaya ƙasashe da nasu mai suna Top Gear Live, har suka yi wasa a filin ƙwallo na Moses Mabhida da ke Durban a Afirka ta Kudu a 2012. A farkon 2018 aka buɗe Fast & Furious Live a Landan. A Amurka akwai Monster Jam, na motocin nan masu tayoyi kusan tsayin mutum. Tamu tawagar ba ta kama ƙafar waɗannan ba, amma ƙa'idar aikin ɗaya ce.

Ɗan kallo yana ganin wasan awa ɗaya da rabi. Mu kuwa kwana biyu kafin a buɗe ƙofa muke shiga fili, kuma abin da ake fara saukewa daga tirela shi ne tef ɗin awo da alli da fenti. A auna faɗin fili, a duba daɓen ko yana da santsi, a zana inda mota za ta fara juyi da inda za ta ƙare, a sa alamar da direba zai gani ya ja hambirek. Daga nan a jera tubalan kankare, a bar tazara a bayansu, sannan kujerun 'yan kallo. Juyin da zai ɗauki daƙiƙa goma a gaban jama'a, sai a maimaita shi sau ashirin a fili babu kowa. In an samu ɗigon baƙin mai a ƙasa, komai ya tsaya sai an goge.

Motar ma sunanta kawai ya rage na asali. An fitar da kujeru da kafet, an ƙera kejin bututun ƙarfe a ciki domin ko ta kife rufin ba zai danne direba ba. Kujerarsa ta rungume shi, bel mai maɗauri biyar ko shida ya ɗaure shi, ga hular kwano, ga abin tallafar wuya, ga rigar da wuta ba ta saurin ci. Akwai makunnin da ke kashe wutar mota gaba ɗaya, ɗaya a ciki, ɗaya a waje inda mai ceto zai iya kai hannu. Fetur kaɗan ake zubawa, iya na fitowa ɗaya. 'Yan kwana-kwana da motar asibiti suna tsaye, injinsu a kunne, tun daga farko har a tashi.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, motocin alfarma da ake bugawa a jikin fosta, su Lamborghini da Ferrari, su ne suka fi kowa zaman lafiya a filin. Bugatti Veyron da ta fito a 2005 tana da ƙarfin doki 1,001, tana kuma iya wuce kilomita 400 a awa, amma a cikin filin ƙwallo ina za ta? A wurinmu irin waɗannan motoci yawanci aro ne daga dillalai ko masu kuɗi. Direba zai fito da su a giya ɗaya ko biyu, ya taka totur injin ya yi ruri, ya zagaya, ya koma. Ƙarar ce ke sa ka zaci gudu ake yi. Ainihin wahalar tana kan motocin da muka ƙera don wahala, waɗanda tayoyin bayansu ke ƙarewa cikin 'yan mintuna. Akwai daren da ni da yarana muka canza taya fiye da talatin.

Ko abin da ya fi kama da hauka, lissafi ne. A 2015, a birnin Frankfurt na Jamus, wani direba Bature ɗan Ingila, Terry Grant, ya bi ta cikin wani ƙaton zobe mai tsayin mita 19 da motar Jaguar F-Pace, har ta koma ƙafafu sama kafin ta sauko. In gudun ya gaza, mota ta faɗo daga sama. In ya yi yawa, nauyin da zai danne direba ya isa ya sumar da shi. Injiniyoyi ne suka fitar da gudun da ya dace tun a takarda, shi nasa ya riƙe wannan gudun, kada ya ƙara, kada ya rage.

A gida ma mun san wannan hikimar. Gardi mai wasa da kura ba ya fito da ita kasuwa sai da takunkumi da sarƙa. Ranar hawan Sallah, kafin mahaya su yi sukuwa, sai dogarai sun buɗe hanya sun tura jama'a baya. Mai kallo yana tafa wa gardi, ya manta da takunkumin.

Duk da wannan shiri, ana mutuwa. A watan Yunin 1955, a tseren Le Mans na Faransa, wata Mercedes ta yi tsalle ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka rasu. A Oktoban 2013, a Chihuahua ta ƙasar Meziko, babbar motar wasa ta ƙwace ta shiga cikin jama'a, aƙalla mutum takwas suka mutu, har da yara. A Satumban 2014 irin haka ta faru a garin Haaksbergen na ƙasar Holan, a wani filin ajiye motoci inda ba abin da ya raba mota da mutane sai shingen ƙarfe marar nauyi. Mutum uku suka rasu, ɗaya ƙaramin yaro. Ku lura da waɗanda suka fi mutuwa a duka ukun: masu tsayuwa a gefe.

Ni ma na ga tawa ayar. Wata rana wajen gwaji, tayar baya ta fashe wa direbanmu mafi ƙwarewa yana tsakiyar juyi. Motar ta tafi a karkace ta daki kankare, ta tura tubali mai nauyin fiye da tan ɗaya har ya matsa daga mazauninsa. Ya fito yana ɗingishi, ba abin da ya karye. Da na je ɗauko tayar, sai na tsaya ina kallon wurin da tubalin ya tsaya. Da a bikinmu ne, daidai nan yara za su yi cincirindo da wayoyi a hannu. Tayar nan sabuwa ce, ni na ɗaura ta da hannuna, na auna iskarta. Richard Hammond na Top Gear ma tayar gaba ce ta fashe masa a 2006, yana gudun fiye da kilomita 450 a awa, ya sha da ƙyar da rauni a ƙwaƙwalwa. To ina ga tayar gwanjo da ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso mana?

Ga abin da na lissafa wa yaron nan mai BMW. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya ga yaro ya gilma, ƙafarka ta bar totur ta taka birki, ka wuce tsawon gidaje biyu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ɗauka kafin mota ta tsaya ya ninka sau huɗu. Aksul ɗin da yake so a walde kuwa, yana tilasta wa tayoyin baya su juya tare, abin da ke sauƙaƙa zamiya. Washegari da wannan motar zai kai mahaifiyarsa unguwa, in an yi yayyafi, a kwana ta farko za ta nuna masa halinta. Titin unguwa kuma yana da rairayi a gefe, da kwata, da turken lantarki, da mai Keke Napep da bai san ana biki ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Saudiyya suna kiransa tafhit, ya ci rayukan matasa har a 2016 gwamnati ta tsananta hukunci: tarar riyal 20,000 a kamun farko tare da tsare motar. A Afirka ta Kudu, juyin mota da ya taso a unguwanni irin su Soweto da BMW 325i, daga baya hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta karɓe shi, aka mayar da shi fili mai shinge da dokoki. Waɗancan sun ɗauki bulala, waɗannan sun gina fili. A ganina muna buƙatar duka biyun, domin sha'awar mota a zuciyar saurayi ba ta fita da wa'azi kaɗai. Ni ma ita ta kai ni inda na je.

Saboda haka, 'yan'uwana makanikai, mu ne ƙofar farko. Motar wasan biki ba ta zama motar wasa sai ta biyo ta hannunmu. Kuɗin waldan ba zai kai ka ko'ina ba, amma in an ɗauki gawa, da hannunka a ciki. Ango da waliyyai, ku faɗa tun ranar sa rana cewa ba wasan mota a bikinku. Abokai suna jin maganar ango fiye da ta jami'an kiyaye haɗurra. Iyaye, in mota ta dawo tayoyin baya sun cinye fiye da na gaba, ga ƙaurin roba, ba sai an gaya muku inda ta je ba. Kowa kuma ya koyi karanta shekarun tayarsa: a gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, komai kyan zanenta ta tsufa.

In kuma an kawo wasan mota garinku, a filin wasa ne ko a harabar wani kanti, kafin ka biya kuɗin shiga ka duba abu uku. Me ya raba ka da motar: kankare ne, ko igiya da 'yan sanda biyu? Akwai motar asibiti da abin kashe wuta a tsaye? Akwai wanda in ya ɗaga tuta kowa zai tsaya? In babu, kama hannun ɗanka ku koma gida. In kun tsaya, kada ku tsaya ta wajen kwana, can mota ke zuwa in ta ƙwace.

Yaron ya shanye shayinsa ya yi shiru. Can ya ce, "To Baba, in mutum yana so ya koya da gaske fa?" Na ce ya dawo ranar Litinin da sassafe, da kayan da ba ya jin tsoron su ɓaci. Ya zo. Ban ba shi makullin mota ba. Na miƙa masa abin auna iskar taya da tef ɗin awo, na ce daga nan aka fara da ni.