Kada Ku Zubar da Dakashi

Karatu: Fitowa 2:1-10

Ya ɗan'uwana mai karatu, a cikin wannan labari za ka ga jariri Musa yana kuka cikin kwando a bakin kogi. 'Yar Fir'auna tana da dukiya da barori, amma ba ta da abin da yaron yake bukata. Sai da aka kirawo uwarsa ta ba shi mama.

Bari mu dawo gida Ajekoriya. Sa'ad da mace ta haihu, nonon da yake fara fitowa mai kauri ne, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan kuma. Shi ne dakashi. A gidaje da yawa tsofaffi sukan ce ba shi da kyau. Sai a tatse a zubar, a yi ta ɗura wa jariri bauri ko nonon akuya har kwana uku. Waɗansu ma sukan jefa tururuwa cikin nonon. In ta kasa fita, wai nono ya ɓaci. Tururuwa ba likita ba ce. Kaurinsa ne ya riƙe ta.

Ka tambayi kowane makiyayi a kasuwar Dakoro: ɗan akuyan da bai sha dakashin uwarsa ba, yakan yi ƙwari? Zai ce maka da wuya ya rayu. To, don me za mu hana wa 'ya'yanmu abin da ba mu hana wa dabbobinmu ba?

A cikin dakashi akwai maganin da jikin uwa ya shirya domin cututtukan da ta riga ta gamu da su. Yakan shafe hanjin jariri, ya tsare shi daga zawo, ya kuma taimake shi fid da baƙin kashin nan na fari. Kada ƙanƙantarsa ta dame ka. Ran haihuwa cikin jariri bai fi ƙwallon aduwa ba. A sa shi a ƙirjin uwarsa tun sa'ar fari. Tsotsonsa ne yake kawo nono.

Sai maganar ruwa. Na san zafin bazara a ƙasarmu, na kuma san tausayi ne yake sa kaka ta ɗiga wa jikanta ruwa. Amma kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuwa. Ruwan randa fa? Ya bi ta guga da igiya da hannuwa da yawa. Babba ya sha ya kwana lafiya, jariri ya sha ya kama zawo. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a fara ƙara masa kunu, ana ci gaba da mama har shekara 2. In ana zafi, uwar za a ba ruwan, ita kuwa ta ƙara ba shi mama.

Maigida, wannan magana taka ce. Amaryar jego ba za ta iya musu da surukarta ba, kai ne za ka yi wa mahaifiyarka bayani da ladabi tun kafin haihuwa. Ka nemi wanda zai ɗauke wa matarka daka da ɗiban ruwa, ka kuma ga ta ƙoshi.

In jariri ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana wari, kada ku jira ranar suna. Ku ɗaura amalanke ku kai shi gidan likita a ranar.